Yadda Mai Sana'ar Kansa Zai Sami Lamunin Gida

Ka sani, ya ɗan'uwa, masu cewa lamunin gida na ma'aikatan gwamnati ne kaɗai ba su binciki mas'alar ba, domin dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992, asusun da yake hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, ba ta rufe ƙofa ga tela ko makaniki ko ɗan kasuwar Kwari ba. Bambancin kawai shi ne mai albashi yana da takardar albashi da take yi masa shaida, kai kuwa wajibi ne ka gina hujjarka da hannunka.

Da farko, ka yi wa sana'arka rajista a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ka karɓi lambar haraji.

Na biyu, wanda shi ne ginshiƙin al'amarin kuma a nan na ga mafi yawan 'yan kasuwa suna faɗuwa, ka buɗe asusu guda da sunan sana'ar, ka lizimci zuba cinikinka a cikinsa har shekara ta zagayo. Ma'aikacin banki bai san darajarka a kasuwa ba, bai san ana ba ka kaya bisa amana ba tare da rubutu ba, kuma adashin da kake zubawa ba ya cikin lissafinsa. Abin da zai karanta shi ne bayanan asusunka, wata bayan wata, yana neman samun da ya ɗore.

Saboda haka ko da cinikin ranar tsabar kuɗi ne, kuma gobe za ka sayi kaya da su, ka fara kai su banki, sa'an nan ka biya dillalinka daga can. Kada ka cakuɗa cefanen gida da kuɗin shago: ka yanka wa kanka wani abu ma'alumi duk ƙarshen wata, ka tura shi wani asusun daban. Ina kuma yi maka gargaɗi da babbar murya game da shawarar nan ta aro miliyoyi daga aboki a zuba kwana biyu a cire, domin masu duba takardu sun san wannan dabara sarai, kuma da zarar sun gan ta sai su yi shakkar ragowar lissafin baki ɗaya. Ka riƙe littafin ciniki da rasitai, ka sa akanta ya tsara maka su. Ladansa ba shi da yawa. Ka tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Na uku, ka nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku, kuma samun da ka faɗa wa hukumar haraji ya dace da wanda za ka faɗa wa banki.

Na huɗu, ka shiga Asusun Gidaje na Ƙasa, kana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na samunka duk wata, aƙalla wata shida a jere kafin ka nema. Idan akwai tsohon bashi a kanka, ko na manhajar waya ne, ka sauke shi, gama ana bincikawa.

Na biyar, ka tantance takardun gidan. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu ba ta isa jingina ba. Banki yana son takardar mallaka ta gwamnati, kuma bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 jinginar tana buƙatar yardar gwamna. Ka sa lauya ya bincika a hukumar bayanan filaye, wato KANGIS in a Kano kake, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, tun kafin ka ba da kafin alƙalami.

Na shida, ka miƙa buƙatarka ta hannun bankin lamunin gidaje mai lasisi. Kuɗin ruwan kashi 6 ne cikin ɗari a shekara, wa'adin yana iya kaiwa shekara 30, biyan wata kuwa ba ya wuce sulusin samunka. Ka kuma tanadi wani abu na lauya da mai kimanta gida da inshora.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu da kuɗin ruwa ba, ya tambayi malaminsa, sa'an nan ya nufi bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz ko TAJ ko Lotus, ya nemi bayanin murabaha da ijara. Su ma waɗannan hujjojin za su nema. Ko ta wace hanya ka bi, ka auna biyan da watannin da kasuwa take mutuwa, kada ka auna shi da cinikin jajibirin Salla, domin bashi amana ne da za a tambaye ka a kansa. Allah Ya sa mu dace.