NAZARI: YADDA KAYAN GWAJIN CUTA NA NAN-TAKE KE ISA ASIBITOCIN KARKARA

Tun daga shekarar 2010, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa a auna jinin duk wanda ake zato yana da zazzaɓin cizon sauro kafin a ba shi magani, ɗan ƙaramin tsinken gwaji ya zama haja mai muhimmanci a Nijeriya. Da ɗigon jini ɗaya, cikin minti 15 zuwa 20, ma'aikacin lafiya zai san ko akwai cutar, ba tare da madubin likita ko wutar lantarki ba. Kasuwar kuwa babba ce, domin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke. Matsalar ita ce yadda hajar za ta isa ga majiyyaci da ingancinta.

Daga masana'anta zuwa ƙauye

Akasarin waɗannan kaya daga ƙasashen Asiya ake shigo da su, musamman Koriya ta Kudu da Indiya da Sin. Hanyoyin shigowarsu biyu ne. Ta farko ita ce ta gwamnati da masu ba da agaji, irin su Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, inda kayan ke sauka a manyan rumbunan Legas da Abuja, daga nan a rarraba su zuwa jihohi da ƙananan asibitoci. Ta biyu ita ce ta 'yan kasuwa, waɗanda wajibi ne su yi wa hajar rajista a hukumar NAFDAC kafin su sayar wa dillalai da masu kemis.

Zafi da wa'adi

Abokin gaba na farko shi ne zafi. Kamfanoni da dama sun ƙayyade cewa kada wurin ajiya ya wuce digiri 30, wasu kuma 40. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, cikin babbar mota ko shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Illar ita ce ido ba ya gane tsinken da zafi ya lalata. Yana iya nuna cewa babu cuta alhali tana nan, a sallami yaro ba magani.

Na biyu shi ne wa'adi. Yawancin tsinkayen shekara biyu suke yi, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka ƙera su. Duk watan da kaya suka yi a teku ko a tashar Apapa, an rage shi ke nan daga kwanakin ciniki. Saboda haka ƙa'idar sito ita ce a fara fitar da wanda wa'adinsa ya fi kusa, ko da shi ne ya shigo a ƙarshe.

Lissafin oda

Ga misali. Asibitin da ke amfani da tsinke 500 a wata, kuma odarsa ke ɗaukar wata biyu kafin ta iso, yana buƙatar tsinke 1,000 don jira. Idan aka ƙara na wata ɗaya saboda ko-ta-kwana, tilas ya sake oda da zarar abin da ke sito ya sauko zuwa 1,500, wato kwali 60 mai ɗauke da 25 kowanne. Amma wannan adadi ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Arewa zazzaɓi yana ƙaruwa da damina, don haka wanda ya yi lissafi da cinikin watan Maris zai tarar da sitonsa fayau a watan Satumba.

Na'urar GeneXpert ta gwajin tarin fuka, wadda kamfanin Cepheid na Amurka ke ƙerawa, ta ƙara wani darasi. Farashin kwanson gwajinta ya sauka daga dala 9.98 zuwa 7.97 a 2023, amma tana buƙatar tsayayyar wuta da ɗaki mai sanyi da gyara a kai a kai. Mai zuba jari ya kamata ya lissafa kuɗin waɗannan duka a kan kowane gwaji.

Kuɗi da dogaro da waje

Abubuwa uku sun fallasa raunin wannan hanya. A 2020 masana'antu suka karkata ga kayan gwajin korona. A watan Yunin 2023 aka saki darajar naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Sannan a watan Janairun 2025 Amurka ta dakatar da yawancin agajinta na ƙetare.

A ɗaya ɓangaren, a watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin ɗauke haraji na tsawon shekara biyu daga ɗanyen kayan da ake ƙera magunguna da kayan gwaji da su. A 2025 kuma kamfanin Codix Bio ya buɗe masana'anta a Shagamu ta Jihar Ogun, tare da haɗin gwiwar SD Biosensor na Koriya ta Kudu.

Ƙera kaya a gida zai taƙaita jira, ya kuma rage buƙatar dala, amma ba zai sanyaya mota ko sito ba. A nan ne damar 'yan kasuwar Arewa take: gina rumbuna masu sanyi da wutar sola, jigilar kaya da dare ko da sassafe, da riƙe sahihin littafin shige da fice. Dillalin da zai iya nuna wa asibiti shaidar zafin da kayansa suka bi ta ciki, shi ne zai riƙe kwangila.