Yadda A Ke Sake Bushin Na Sifirin Tsohuwar Land Rover

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar Land Rover a hanya mai gargada ya san wata ƙara da ke fitowa daga ƙarƙashinta, kamar ana buga guduma. Sau da yawa ba laifin inji ba ne. Wani ɗan abu ne ya mutu, wanda tsawonsa bai fi na yatsa ba, sunansa bushin.

An fara ƙera Land Rover a Ingila cikin 1948. Tun daga nan har zuwa irin da a ke kira Series III, wadda aka daina yi cikin 1985, motar bisa sifirin mai falle-falle ta ke zaune, watau ƙarafa masu faɗi waɗanda aka jera bisa juna aka ɗaure. Sifirin huɗu ne, kowane da ido biyu. A Series III idon gaba a kafe ya ke jikin cesis, na baya kuwa yana rataye da waɗansu ƙarafa biyu masu lilo, gama in nauyi ya danne sifirin ya kan miƙe, tsawonsa ya ƙaru. Cikin kowane ido akwai bushin guda, akwai kuma wani cikin cesis inda ƙarafan lilo su ke rataye. Uku sau huɗu, 12 ke nan.

Shi bushin bututun ƙarfe ne biyu, ƙarami cikin babba, da roba manne a tsakaninsu. Ku riƙe wannan da kyau: in an ɗaure kusa, bututun ciki ba ya juyawa, robar ce ke murɗewa tana komawa. In ta tsage, ƙarfe ya kan ci ƙarfe, mota ta riƙa kauce wa hanya, tayoyi su cinye ta gefe guda.

To, ga yadda a ke aikin. Da fari a tsai da mota a wuri mai tauri, a sa wa tayoyi waigi. A ɗaga cesis a ɗora shi bisa matokarai masu ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita, don mutum bai da rai biyu. Sa'an nan a tallafe aksul da jak, a kwance noti, a zare kusa.

Fid da tsohon bushin shi ne wahala, musamman na cikin cesis, domin tsatsa ta kan haɗe shi da mazauninsa. A huda robar har bututun ciki ya fita. Waɗansu su kan ƙone ta da wuta, amma wannan kasada ce kusa da tankin fetur. A zura bakin zarto cikin ramin, a yanka bututun waje a hankali, kada a taɓa cesis, kana a buge shi ya fita. A goge ramin sarai. Sabon kuwa ba da guduma a ke shigar da shi ba. A ja shi da doguwar kusa da noti, ƙarfin ya faɗa bisa bututun waje kaɗai. A shafa giris jikin kusa, amma kada ya taɓa roba, gama mai yana ruɓar da ita.

Saura abu guda, shi ne kan darasin nan. In an mai da kusoshi, kada a ɗaure su tamau tukuna. A sauke motar bisa tayoyinta, a girgiza ta, a tura ta gaba da baya har ta zauna daidai, sa'an nan a ɗaure. Dalili kuwa, in an ɗaure tana rataye, da an sauke ta robar za ta zauna a murɗe dare da rana, kowane rami kuma ya ƙara murɗe ta, ba da jimawa ba ta tsage. Aikin yini guda ya tashi a banza, kuɗi kuma sun tafi.

Saboda haka in an kusa gamawa, gajiya ta zo, ku tuna da abin da magabata su ka ce: sauri ya kan haifi nawa. Allah ya sa mu amfana da abin da mu ka koya, amin.