WANKE TARAKTA, BABUR DA AMALANKE: SAU NAWA YA KAMATA?

Manoma sukan tambayi malaman gona, wai shin sau nawa ya kamata a wanke abin hawan da ke shiga daji? Wani ya ce shi kullum yake wanke nasa. Wani sai jajibirin Salla. Wani kuma ya ce ɓata ruwa ne kawai, tun da gobe ma cikin laka zai koma.

Amsar ita ce, aikin da abin hawan ya yi shi ke nuna lokacin wankinsa. Motar da ke bin kwalta don kyau ake wanke ta. Amma tarakta, da babur, da amalanke, da keken ɗaukar kaya mai ƙafa uku, waɗannan don lafiyarsu da lafiyar gona ake wanke su.

Abin da laka ke yi wa ƙarfe

Laka tana riƙe damshi. In ta manne a ƙarƙashin tirela ko a lungun taya, sai sama ta bushe, ciki kuwa da sauran ruwa har kwana da kwanaki. Nan tsatsa ke farawa. Lakar fadama, watau baƙar nan mai danƙo, ta fi rairayin jigawa ɓarna, gama ba ta kaɗewa da kanta.

Ban da haka, laka tana ɓoye aibi. Noti ya kwance, ko ƙarfe ya tsage, ko mai yana yoyo, duka ba ka gani sai ka wanke. Da yawa taraktar da ta tsaya a tsakiyar gona ran da ake rububin huɗa, da an wanke ta an duba tun mako guda kafin nan, da sifana ɗaya ta isa gyaran. Ga shi kuwa ruwan shuka ba ya jiran bakanike.

Saboda haka da damina, duk ran da aka yi aiki cikin laka, a kankare ta da yamma tun tana ɗanya. Itace da tsintsiya da bokiti biyu na ruwa sun isa. Wanki sosai da sabulu kuwa sau ɗaya a mako ya wadatar.

Wuta-wuta tana hawa taya

Wannan shi ne babban dalili, kuma shi manoma suka fi mantawa. Kowa ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, da irin ɓarnar da take yi wa dawa, gero da masara. Akwai kuma irinta mai kama wake. 'Ya'yanta ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙura. Tushe ɗaya kan zubar da 'ya'ya fiye da 50,000, kuma suna iya zama cikin ƙasa da ransu fiye da shekara 10, suna jiran saiwar hatsi ta zo kusa.

To, ka duba dunƙulen ƙasar da ke manne a garma ko a tayar tarakta. In daga gona mai wuta-wuta ta fito, wannan dunƙule iri ne. Haka tofa da kiri-kiri, guntun saiwarsu kan maƙale a haro, ya faɗi a wata gona ya kama.

Yawancin ƙananan manoma ba su da tarakta, haya suke yi, kuma tarakta ɗaya kan shiga gonaki da yawa a yini. In ta iso bakin gonarka, kada ka ji kunya. Ka ce da direba, "Malam, dakata kaɗan mu kankare garma tukuna." Ka sa hannu da kanka, kai da yaranka. Minti 15 ne. Direba zai yi ƙorafi wai ana jiransa, amma gonar taka ce, kai za ka yi shekaru kana fama. In kuwa gonarka ce mai cutar, haƙƙin maƙwabci ne a kankare kafin a fita. Garmar shanu da fartanya da aka ara, su ma haka. In kana da gona biyu, fara aiki a mai lafiya, ka ƙare a mai wuta-wuta.

Takin zamani

Takin zamani yana cin ƙarfe, musamman in ya sami damshi. Yuriya tana jawo ruwa daga iska ta narke. Duk amalanke ko tirelar da ta ɗauki taki, a share ta a wanke a ranar, kada a bari ya kwana. Masu ɗaura buhu a bayan babur su lura da kariya da sarƙa.

Da kaka da hunturu

Da kaka babu laka, sai mutum ya ga kamar ya huta. Ba haka ba ne. Ƙaiƙayi da busasshen haki suna toshe ramukan lagireto, iska ta kasa wucewa, inji ya yi zafi. Kowace safiya a duba lagireto a share shi da tattausar tsintsiya. In za a zuba ruwa, a zuba daga bayansa, wajen fanka, don dattin ya fita ta inda ya shigo. Kada a tsokana da ƙusa ko waya, zai huje. A kuma cire hakin da ya taru kusa da salansa, gama yana iya kama wuta, ga ƙarmami ko'ina.

Ƙurar hunturu kuwa matatar iska take nema. In matatar ta toshe, inji ya rasa ƙarfi, ya yi baƙin hayaƙi, ya sha mai. In ta huje, ƙura ta shiga ciki ta cinye inji kamar ana goga masa yashi. Matata iri biyu ce. Tsofaffin taraktoci da yawa suna da mai kwano da ake zuba wa baƙin mai. Irin wannan a duba kwanon kullum, in ƙura ta kwanta a ƙasa a zubar, a wanke da kananzir, a zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Mai takarda kuwa ba a sa mata mai, ba a kuma tsoma ta a ruwa. A bubbuga ta a hankali a tafin hannu, in ta yage a sayi sabuwa. Littafin mafi yawan taraktoci ya ce a yi irin wannan dubawa bayan kowace awa 10 ta aiki, watau kullum ke nan.

Yadda ake wankin

A kashe inji, a cire mabuɗi, a sauke garma ƙasa. A bar inji ya huce, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya tsaga shi. Kada a watsa ruwa a kan wayoyin lantarki, ko cikin salansa, ko bakin matatar iska. Mai babur ya kiyaye fulogi da kafireto. Masu kai abin hawa wurin wankin mota, inda ake amfani da injin feshi mai ƙarfi, su hana a kai bakin tiyo kusa da boris, gama ruwan yana kore giris ya zauna a wurinsa.

Wanki ba ya cika sai da giris. Bayan an wanke an bushe, a bi ramukan giris ɗaya ɗaya, a matsa har sai tsohon ya fito. Amalanke ma tana son giris a tayoyinta, in ka ji tana kuka, shanunka ne ke shan wahalar. Sarƙar babur a wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, a bar ta ta tsane, sa'an nan a ɗiga mata mai. Kan batir in ya yi farin gari, a wanke da ruwan ɗumi, a goge, a shafa giris kaɗan. Kafin a hau hanya a gwada birki, don jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa.

Ina za a wanke?

Ba a rafi ba, ba a tafki ba, ba kuma a bakin rijiya ba. Mai da sabulu da ragowar maganin feshi suna ɓata ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Irin ciyawa kuma ruwa zai kai shi fadamar mutanen ƙasa da kai. Ga kuma tsargiya, wadda yara kan kama in suna yawan shiga kwantaccen ruwa, kuma su ake aika wankin babur. A keɓe wuri ɗaya nesa da ruwan sha, a haƙa ɗan rami inda ruwan wanki zai tsaya. Duk ciyawar da ta tsiro a wurin, a tuge ta tun ba ta yi fure ba.

In aikin shekara ya ƙare, a yi babban wanki. A shafa wa bakin garma da faifan haro tsohon baƙin mai, a ajiye su a rumfa a kan itace, kada su taɓa ƙasa. A cire batir a sa shi a inuwa, a riƙa yi masa caji kamar sau ɗaya a wata. In da abin da ya shige maka duhu game da irin injinka, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku ko bakaniken da ya san shi.