Citta Tana Warkar da Kumburin Hanji?

Tambaya: Na daɗe ina gudawa da jini. An ce Turawa sun gano maganinta a citta. In duƙufa sha? Daga mai karatu a garin Bakura.

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. A 2016 masana a Jami'ar Jihar Jojiya, Amurka, sun tace wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani daga ruwan citta, waɗanda suka rage kumburin hanjin ɓeraye. Ɓeraye fa, ba mutane ba! Shayin citta kuwa ba a tabbatar zai yi wannan aikin ba. A yankinku na madatsar Bakolori, atini ko tsutsar tsargiya ma kan jawo kashin jini. Je Babban Asibitin Talata Mafara a gwada bayan gidanka. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, nemi a tura ka asibitin koyarwa na Sakkwato a leƙa hanjin da na'ura. Kada ka jinkirta.