Malamin Yahudawa Da Ya Ga Gadon Annabawa Wurin Sufaye

'Yan'uwa, darasinmu na wannan mako ya kai mu ƙasar Masar. A Fustat, wato tsohuwar Alƙahira, aka haifi Ibrahim ɗan Musa bin Maimun a 1186. Da mahaifinsa ya rasu a 1204, shi ya gaji shugabancin Yahudawan ƙasar.

Ibrahim ya lura da yadda Sufaye, maƙwabtansa Musulmi, suke shiga halwa, suna raya dare da ambaton Allah. A littafinsa Kifayatul Abidin, wanda ya rubuta da Larabci cikin haruffan Ibrananci, ya ce waɗannan halaye tun asali na annabawan Isra'ila ne. Jama'arsa ce ta yi sakaci da su, Sufaye suka riƙe. Saboda haka ya koya wa mabiyansa su wanke hannu da ƙafa kafin addu'a, su jeru sahu-sahu suna fuskantar Urushalima, su yi sujada.

Abin bai yi wa kowa daɗi ba. Waɗansu manyan Yahudawa suka kai ƙararsa wurin hukumar Musulmi, wai ya kawo bidi'a cikin majami'a. Zargin kuwa ba ƙarami ba ne ga mutumin da bai taɓa barin Attaura ba har ya rasu a 1237.