ALLURAR KORONA DA MAI JUNA BIYU: ABIN DA KAN BIYO BAYA

Tun da aka fara allurar rigakafin korona a Najeriya a watan Maris na 2021, tambayar da mata suka fi yi mana a ɗakin awon ciki ita ce: "Sista, me zan ji bayan allurar?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga matakin gaggawa a watan Mayu na 2023, amma cutar ba ta ƙare ba, kuma ta fi wahalar da mai ciki. Don haka idan likita ya ba ki shawarar yin allurar, ga abin da ya kamata ki sani, ke da maigida.

Abin da aka saba gani

Yawanci damtsen da aka yi wa allura yakan yi ciwo ko ya ɗan kumbura. Wasu kan ji kasala, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi ko zazzaɓi mai sauƙi. Wannan alama ce jiki yana koyon yaƙi da cutar, kuma yakan wuce cikin kwana 1 zuwa 3. Haka allurar tetanos da muke yi miki a awo take yi. Ki huta, ki sha ruwa sosai, ki ɗora tsumma mai sanyi a wurin. Za ki iya shan farasitamol. Kada ki sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis, ba su dace da mai ciki ba. Allurar ba ta zubar da ciki, ba ta hana haihuwa, kuma mai shayarwa za ta ci gaba da ba da nono.

Abin da ba kasafai yake faruwa ba

Wani jikin kan ƙi allurar nan take: ƙaiƙayi, kumburin fuska, numfashi da ƙyar. Shi ya sa muke cewa ki zauna minti 15 zuwa 30 kafin ki hau babur ki koma gida.

Kada a ɗora wa allura laifin komai

Nan ne haɗarin yake. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah daga wani ƙauye a ƙasar Rogo, cikinta wata takwas. Ta kwana biyar da ciwon kai da kumburin ƙafa, mutan gida suna cewa ai allura ce, zai wuce. Da muka auna, jininta ya hau sosai, saura kaɗan ta fara jijjiga. Allah Ya sa aka kawo ta a kan lokaci.

Haka zazzaɓi. Ku mutanen Ƙaraye da ke kusa da madatsar ruwa ta Challawa kun san sauro ba ya hutu, balle da damina. Zazzaɓin da ya wuce kwana 2 gwajin jini yake buƙata.

Ki garzaya asibiti idan kin ga:
1. Ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi.
2. Kumburin fuska, hannu, ko ƙafa ɗaya mai ciwo.
3. Zubar jini ko fashewar faya.
4. Ɗa ya rage motsi.
5. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi.

Maigida, tun yau ka bar izinin fita da kuɗin mota, don ciwo ba ya jiran ka dawo daga gona. Babban asibitin Ƙaraye ko na Rogo ne mafi kusa da ku. Ku taho da katin awo da na allura.

Allah Ya sauke ki lafiya, amin.