Me Ya Sa Sankara Ke Dawowa Bayan Magani?

Ya kai mai karatu, an gina jikinka da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace ƙwaya kuma tana ɗauke da rubutun gado da likitoci ke kira DNA. Sankara kan fara ne idan kurakurai suka shiga wannan rubutu, sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙari.

Ƙari ba iri ɗaya ba ne

A gwajin da aka saba, ana yanko ɗan nama daga ƙarin, a haɗa miliyoyin ƙwayoyinsa a karanta rubutunsu gaba ɗaya. Tamkar ka niƙa gero da dawa da masara ne wuri guda: gari zai fito, amma wanda ya yi ƙaranci zai ɓace a ciki. Sabuwar dabarar kuwa tana ware ƙwaya ɗaya tak, ta ninka rubutunta sau da yawa domin ya isa karantawa, sannan ta duba shi.

A shekarar 2011, Nicholas Navin da abokan aikinsa a Amurka sun karanta ƙwayoyi 100 ɗaya bayan ɗaya daga ƙarin sankarar mama guda, suka iske zuri'a uku mabambanta a cikinsa. A 2018 kuma, binciken tawagarsa ya nuna cewa ƙwayoyin da ke gagarar maganin kemo suna nan tun kafin a fara ba da shi. Maganin yakan kashe masu rauni, masu taurin su tsira su sake yaɗuwa. An yi binciken ne kan wani nau'in sankarar mama mai tsanani, wanda ya yawaita a tsakanin matan Afirka ta Yamma.

Abin da ya shafe ka

Har yanzu wannan gwaji yana da tsada, kuma galibi a ɗakunan bincike ake yin sa. Amma darasinsa ya isa kowane gida:

1. Jinkiri yana ba ƙari damar haifar da sababbin zuri'o'i. Duk wanda ya ji kulli a jikinsa, ya garzaya asibiti.
2. Kada ka ƙi gwajin nama. Da shi ake gane nau'in cutar da maganin da ya dace.
3. Raguwar ƙari ba warkewa ba ce. A kammala magani, a ci gaba da ganin likita.
4. Idan jinya ta kai ka ƙetaren iyaka, ka tafi da takardun gwaji da sunayen magungunan da aka ba ka, domin sabon likita ya ɗora daga inda aka tsaya.